Ba bindiga ce ta kashe Injiniya Sabi'u ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labari ya same ni, ina zaune cikin mota a bakin wani shagon shayi a unguwar Bin Omran nan Doha, ko kurɓa ban yi ba. Injiniya Sabi'u ya rasu jiya da yamma.

Kuma ba daga bakin mai hankali na ji ba. A gurup ɗinmu na 'yan gida na ji, cikin saƙon murya. Wani ne yake magana yana tauna abu, wai bindiga ta tashi da wani ɗan Najeriya a filin harbi, wai dama an sha gaya masa. Sai da na sake saurara kafin na gane wanda ake nufi.

Kafin hantsi maganar ta isa garinsu Funtua, kuma a hanya ta sake kaya. Can abin da aka ji shi ne wai da kansa ya juya bindigar ya harbe kansa.

A haka mahaifiyarsa ta ji mutuwar ɗanta. Ƙanensa Nura ya kira ni yana kuka, ya ce Hajiya ta shige ɗaki ta sa sakata. Mata sun cika tsakar gida sun zo gaisuwa, ta ce ba za ta fito ba, da wane ido za ta kalli mutane, kuma wace addu'a za ta ce su yi masa.

Saboda ita nake wannan rubutun. Na gaji, kaina yana sarawa, amma zan rubuta.

Ƙarya ne. Zuciyarsa ce ta tsaya. Babu harbi, babu rauni.

Ga waɗanda ba su san shi ba: injiniya ne a harkar iskar gas, ya daɗe a Doha, iyalinsa suna Ain Khaled. Duk sati yana zuwa filin harbin faranti da ke bayan gari. Wani inji ne yake cilla ƙaramin faifai na laka sama, kai kuma ka harbe shi da bindiga mai baki biyu kafin ya faɗi. Shi ke nan wasan. Ko bindigar kansa ba shi da ita a gida. Ta filin ce, can ake karɓa, can ake mayarwa kafin a fita ƙofa.

Ni direban haya ne. A mota muka haɗu. Na ɗauko shi ranar da tasa take gareji, ya ga littafi a kujerar gaba ya tambaye ni ko fasinja ne ya manta. Na ce masa ashe direba ba ya karatu, ko sai mai digiri aka yarda ya buɗe littafi? Na wanke shi tas tun daga Ain Khaled har ofishinsu, shi kuwa yana ta dariya a baya.

Da zai sauka ya ce, "Malam Barkono, ba ni lambarka."

Sunan ya bi ni har yau.

Ni a aji uku na sakandare na tsaya. Duk abin da na sani bayan nan, da kaina na tsinto shi, a waya da tsofaffin littattafai. Mutane da yawa in sun ji haka sai su fara yi min magana a hankali kamar mai ciwon kunne. Shi bai taɓa ba. Musu yake yi da ni sosai. In na yi kuskure ya ce na yi, in na kayar da shi ya ce na kayar da shi. Mujallun da aka gama da su a ofis yake tattaro min a leda. Lokacin da na samu matsala da kafil ɗina, wato ubangidan da takardun zamana suke hannunsa, shi ya bar aikinsa ya raka ni, ya zauna kusa da ni yana taka min ƙafa duk sanda na buɗe baki zan ɓata lamarin.

Shi ya fara kai ni filin. Na ce masa ni ban bar gida saboda ƙarar bindiga ba don in zo nan in biya a yi min ita a kunne. Ya ce in zo dai in gani, in ban so ba in zauna a inuwa in yi karatuna.

Ranar farko bai bar ni na harba ko ɗaya ba. Riƙo kawai.

Irin wannan bindigar a tsakiya take karyewa, kamar an lanƙwasa gwiwa, sai ramukan harsashi biyu su fito fili. Ya ce haka ake yawo da ita, a karye, babu komai ciki, a saɓe a hannu. Ba a sa harsashi sai ka shiga wurin tsayuwarka kuma layi ya zo kanka. Ba a rufe ta sai bakinta yana kallon fili. Ka harba, ka karya, sannan ka motsa ƙafa. In wani ya miƙo maka, ko limamin unguwarku ne ya rantse babu komai ciki, leƙa da idonka.

Ni da na kwana biyu ina karance-karance kafin in zo, sai na nuna masa ɗan maɓallin da ke saman mariƙi, wanda ake turawa da babban yatsa. Na ce ai ga sefti nan, me ya kawo duk wannan wahala?

Ya karɓi bindigar ya leƙa, ko da yake a gabansa na leƙa yanzu. Sannan ya yi min bayani. Sefti kunama kawai yake tarewa, kada yatsa ya ja ta. Abin da ke bugun harsashin yana nan a ɗane a ciki. In bindigar ta tsufa, ko ta faɗi ta bugi siminti, tana iya tashi sefti yana kai. Wata bindigar in ka karya ta sefti yana komawa da kansa, wata ba ya komawa, kuma ta haya ce, yau wannan za a ba ka gobe waccan. Ya ce shi bai ce ƙarfen banza ba ne, amma ba zai jingina ran mutum a kan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Na je na bincika don in kayar da shi. Ban samu inda zan kama ba. Na ji haushi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa wasu ke cewa dama an sha gaya masa, da masu cewa yana da girman kai, ba ya amsa sallama.

Wata sallah ce, 'yan gida muka haɗu aka ce a je filin a yi nishaɗi. Akwai wani dattijo cikinmu, mutumin kirki, ba zan faɗi sunansa ba. Ya shiga wurin tsayuwa, ya sa harsashi biyu, ya rufe bindiga. Daidai nan wani da ya makara ya iso daga bayanmu, ya kwaɗa sallama, ya ce Alhaji barka da sallah.

Kun san mu. Ba a gaishe ka ka amsa da ƙeya. Alhaji ya juyo gaba ɗayansa, fuska cike da fara'a, ya maƙale bindigar a hammata yana miƙa hannun dama. Bakinta ya bi ta kanmu ɗaya bayan ɗaya, daidai ciki.

Ban ga lokacin da Injiniya ya tashi ba. Na dai ga ya kama bakin bindigar ya mayar da shi fili, ya karya ta, ya zare harsasan.

Alhaji ya ɓata rai, ya ce haba, ai sefti yana kai.

Injiniya ya ce, "Alhaji, daga inda nake zaune ba na ganin seftinka. Bakin bindigarka nake gani, kuma cikina yake kallo."

Ma'aikacin da ke kula da layin, Awudu, mutumin Kumasi ne ɗan Zango, ya ce dokar wurin ce Alhaji ya gama harbi na ranar. Aka watse babu daɗi. Kafin magariba gurup ya ɗauka: yaro ya fizge abu a hannun babba a gaban jama'a, boko ya ɓata shi.

Na rubuta amsa mai tsawo. Wallahi da na tura ta da wasu ba su sake gaishe ni ba. Injiniya kaɗai na fara nuna wa, ya kira ni ya ce in goge. Na ce ba zan goge ba. Ya ce to in ajiye ta zuwa gobe in sake karantawa, in har yanzu tana burge ni in tura.

Shi kuwa washegari ya je gidan Alhaji, ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ba shi haƙuri a kan hannun da ya sa. Maganar da ya faɗa bai janye ta ba, kuma ya gaya masa bai janye ba. Suka sha shayi. An gaya min cewa jiya Alhajin nan yana cikin waɗanda suka fara isa asibiti, don haka kada wani ya ɗauki rubutuna ya kai masa.

Batun sallama kuma, yana amsawa. Ni na sha tsayawa kusa da shi, na ji. A bakinsa yake amsawa, fuskarsa na kallon fili, sai ya karya bindiga sannan ya juyo ya ba ka hannu biyu har da tambayar mutanen gida. Ku da kuke tsaye nesa, ga toshin kunne a kanku, ku ne ba ku ji ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Juma'ar da ta wuce ce da safe. Bai harba da kyau ba. Farantan suna ta wuce shi suna faɗuwa lafiya lau, ya ce yau ya yi musu afuwa. Na tsokane shi na ce tsufa ne, ya koma lido. Ya ce ko a haka ya fi ni, wanda gaskiya ne.

Can ya ja kunama aka ji ƙas, harsashi bai tashi ba. Ya tsaya cak, bindiga a kafaɗa, bakinta na kallon fili. Irin wannan ba a saurin buɗewa, don wani harsashin yana jinkiri sannan ya tashi. Rana ta fara zafi, na ce yalla Injiniya, buɗe mu tafi. Ko motsi bai yi ba sai da ya gama jiransa.

Da muka zauna a inuwa na ga yana murza kafaɗarsa ta hagu. Na tambaya, ya ce kwanciya ce. Bindiga a kafaɗar dama yake ɗora ta. Na lura, na yi shiru, don in ka matsa masa da maganar asibiti sai ya mayar da ita wasa.

Ya zuba min shayi daga fulas ɗinsa, ya tambaye ni ina littafin tarihin da ya ara min. Na ce saura kaɗan, kuma marubucin maƙaryaci ne. Ya ce in gama tukuna sannan in zage shi.

Da za mu rabu ya ce, "Barkono, ka riƙa barci. Idonka ya yi ja."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ce to, na ja mota.

Yau da na gama waya da Nura ban san abin da zan yi ba. Matar Injiniya ba ta iya magana, kuma ita ma ba ta wurin. Na kashe manhajar aiki na nufi masaukin su Awudu wajen Mesaimeer. Na same shi zaune a bakin gado da rigar aikin jiya a jikinsa.

Ga abin da ya gani, kuma shi ne a tsaye a bayansa.

Layi ya zo kan Injiniya. Ya sa harsashi, ya rufe, ya ɗaga. Awudu yana jira ya kira a saki faranti, bai kira ba. Sai ya sauke bindigar a hankali, har lokacin fuskarsa na fili. Ya karya ta. Ya zare harsasan biyu ya sa a aljihun rigarsa. Awudu ya ce ɗaya ya kusa suɓuce wa Injiniya. Sai da ya gama duk wannan sannan ya juyo, fuskarsa ta yi fari, gumi yana zuba, ya miƙa wa Awudu bindigar.

Ya ce, "Awudu, karɓa. Leƙa."

Awudu ya ce shi ma don sabo sai da ya leƙa, kuma abin yana damunsa tun jiya. Da ya ɗago, Injiniya ya dafe ƙirji ya zauna a benci. Suka kwantar da shi, aka kira motar asibiti, ma'aikatan suka yi abin da za su iya. Kwana ya ƙare.

Mutumin da zuciyarsa take tsayawa, ga mutane a hagunsa ga mutane a damansa, bai yarda ya faɗi da bindiga a rufe ba. Shi ne wani ya zauna yana cin abinci yana cewa bindiga ta tashi da shi. Na bincika, mai saƙon ko ƙofar filin bai taɓa gani ba. Wani ne ya ce masa an ga motar asibiti.

Na kira Nura na ce ya kai wa Hajiya wayar. Ta ƙasan ƙofa ya tura mata.

Na gaishe ta na yi mata ta'aziyya, sai na kama bayani. Kun san bakina. Na shiga maganar sefti da dokar fili da yadda ake karya bindiga. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ce, ɗan nan, kana wurin? Na ce a'a, Hajiya. Ta ce to ba ni wanda yake wurin.

Na miƙa wa Awudu, na buɗe murya don in ji.

Ya gaishe ta da irin Hausarsu ta Zango, yana ce mata Mma. Ta tambaye shi sunansa da sunan mahaifinsa, ta tambaye shi ko yana salla. Ya ce yana yi. Ta ce to ya gaya mata tsakaninsa da Allah, akwai jini?

"Babu jini, Mma. Ko ɗigo. Ni na riƙe kansa."

Ta ce bindigar fa? Ya ce tana hannunsa shi Awudu, a buɗe, babu harsashi, ɗanta ne ya cire da kansa kafin ya zauna.

Sannan ta tambaya ko ya yi kalmar shahada.

Na kalli Awudu, na gyaɗa masa kai da ƙarfi. Ka ce e mana, tsohuwa ce, me zai rage ka da shi? Ya kawar da kai daga kallona.

Ya ce, "Mma, bakinsa yana motsi har motar ta zo. Amma ban ji abin da yake faɗi ba. Ba zan ce na ji ba."

Na ji kamar in fizge wayar.

Can ta ce, da ka ce min ka ji, da sauran ma ban yarda ba.

Sai ta tambaye shi, wai me babban mutum kamar Sabi'u yake yi da bindiga a ƙasar mutane, farauta yake? Awudu ya ce a'a, faranti ne na laka ake cillawa sama yana fasawa, ko tsuntsu bai taɓa kashewa ba. Muka ji wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ta ce tun yana yaro bai bar mata kwanon tangaran ko ɗaya ba, ashe har yanzu.

Daga nan muka ji ƙarar sakata. Muka ji tana cewa Nura ya shimfiɗa tabarmi, a ce wa mata su shigo.

Awudu ya ajiye wayar a kan gado ya rufe fuska da hannu.

Wannan gida ɗaya ke nan. Saƙon yana nan yana yawo a wayoyin da ban sani ba, kuma Injiniya yana da 'ya'ya, wata rana za su girma su ji. Ba zan kira sunan kowa ba, ba ni da ƙarfin faɗa yau. Amma in ka san ka tura wancan saƙon, ka koma duk inda ka tura shi ka ajiye wannan a ƙarƙashinsa. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, ba ni ka yi wa ba.

In an gama takardun asibiti, a maƙabartar Mesaimeer za a yi jana'iza. Zan sanar da lokaci a nan.

Allah Ka jiƙan bawanKa Sabi'u. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Abin da bakinsa yake faɗi a kan bencin nan, mu ba mu ji ba, Kai Ka ji, Ka karɓa masa. Ka yalwata kabarinsa, Ka ba Hajiya da iyalinsa haƙuri, Ka raya abin da ya bari. Ka saka wa Awudu da alheri.

Duk wanda ya karanto har nan, don Allah kada ka tsaya a alamar kuka ka wuce. Ajiye wayar, ka yi masa addu'a da bakinka. Sunansa Sabi'u.